Wane ne Jerry Yeagley da aka sa wa filin Indiana sunansa?

Ɗan Tsakiya:
Assalamu alaikum. Jiya da dare na kalli wasan ƙwallon ƙafa na jami'o'in Amurka a intanet, Indiana na wasa a gida, sai na ji mai sharhi yana ta ambaton filin Jerry Yeagley. Na kuma lura da taurari takwas a rigar 'yan wasan. Da na tambayi yayana sai ya ce ai wani koci ne da ya yi duk aikinsa a jami'a ɗaya, kuma a ganinsa wanda bai taɓa riƙe ƙungiyar ƙwararru ba ba a sa shi a sahun manya. Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya san tarihinsa ya warware mini: me ya yi har ya kai ga haka?

Malam Mai Usur:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi karatu a Bloomington, garin da jami'ar take, kuma na sha zama a filin nan cikin sanyin Nuwamba, hannuwana cikin aljihu, yatsun ƙafa sun daskare. Hanyar tseren keke ce ta kewaye ciyawar, saboda a nan ɗalibai ke yin tserensu na shekara-shekara. Da Yeagley ya zo a 1963, ko wannan filin babu.

Ɗan jihar Pennsylvania ne, ya buga wa West Chester, da shi aka ci kofin ƙasa na jami'o'i a 1961. Indiana ta ɗauke shi malamin motsa jiki, aka haɗa masa da kulab ɗin ƙwallon ɗalibai. Ka riƙe kalmar nan, kulab. Ma'anarta jami'a ba ta ɗauki ƙungiyar a matsayin tata ba: babu tallafin karatu da zai ja yaro mai ƙafa da shi, kuma ko sun cinye kowa ba su da damar shiga gasar NCAA, wato gasar kofin ƙasa ta jami'o'i. A jihar da ƙwallon kwando ce sarauniya, shekara goma ya yi a haka. Sai 1973 aka amince da su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. Ya kai wasan ƙarshe a 1976, San Francisco ta doke shi. Ya koma a 1978, ita ce dai. Ya sake komawa a 1980, ita ɗin ce, 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. Kuma ka tuna a jami'a ɗan wasa kaka huɗu kawai yake da ita. Yaran da suka sha kashi a 1976 duk sun kama gabansu kafin 1980, babu kasuwar da zai je ya sayo madadinsu, dole ya nemo 'yan shekara 18 ya fara koya musu daga farko.

A 1982 haƙuri ya biya. Da Duke aka kara a Florida, aka tashi 1 da 1, aka yi ta ƙarin lokaci har sau takwas. Sai a minti na 159 Gregg Thompson, wanda dama shi ya ci ta farko, ya zura ta biyu. Shekara 19 ke nan da zuwan Yeagley garin. Daga nan ƙofa ta buɗe: 1983, 1988, 1998, 1999, sai 2003. Wannan ta ƙarshen ita ce kakar da ya yi sallama, kuma sun fara ta da ƙafar hagu, wasa biyu kawai suka ci cikin tara na farko. Amma a Disamba, cikin dusar ƙanƙara a Columbus, suka ci St. John's 2 da 1, ya ajiye aiki da kofi a hannu. Wasa 544 ya ci daga 1973 zuwa 2003. Kowane tauraro kofin ƙasa ɗaya ne, shida daga taurarin da ka gani nasa ne.

Baban Gola:
Malam, ka kawo tarihi yadda yake, amma a bar ni in ɗan kare yayan Ɗan Tsakiya. Dubi Bruce Arena. Kofi biyar ya ci da Virginia, huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994, kuma na 1994 ɗin Indiana ya doka a wasan ƙarshe, 1 da nema. Bai tsaya nan ba, ya koma D.C. United ya ci kofin MLS, gasar ƙwararru ta Amurka, a 1996 da 1997, sannan ya kai Amurka zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a kofin duniya na 2002, bayan ya lallasa Fotugal 3 da 2. Shi ya gwada kansa a inda ake korar koci cikin wata uku. Yeagley bai taɓa shiga wannan wutar ba. Ina girmama shi, amma ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Malam Mai Usur:
Baban Gola, ban musa maka ba, Arena gwani ne. Sai dai lokacin da aka fara MLS a 1996 Yeagley ya haura shekara 55, kuma tsohuwar gasar ƙwararru ta NASL ta rushe tun bayan kakar 1984. A tsakanin nan jami'o'i ne suka riƙe ƙwallon ƙasar. Brian Maisonneuve da ya buga wa Amurka kofin duniya na 1998 daga hannunsa ya fito. Ni abin da nake aunawa shi ne abin da mutum ya bari. Mataimakinsa Mike Freitag, wanda shi ma ɗan wasansa ne, ya gaje shi ya ci kofi a 2004. Ɗansa Todd, wanda yana cikin waɗanda suka sha kashi a hannun Virginia a 1994, ya karɓi ƙungiyar a 2010, ya ci Georgetown 1 da nema a 2012. Ga taurari biyun da suka cike takwas.

Ɗan Tsakiya:
Allah ya saka da alheri, Malam, na gode Baban Gola. Ashe tauraro na takwas ɗan Yeagley ne ya kawo shi. Zan tura wa Yaya duka, ya karanta da kansa. Yanzu wasan 1982 ɗin nan nake nema, ina so in ga yadda mutum ke iya ɗaga ƙafa a minti na 159.