Lissafin nauyin da ƙasa ke ɗauka a ƙarƙashin fandisho ya ƙi fitar min daidai

Salam injiniyoyi, dan Allah a taimaka min, lissafin nan ya tsaya min a wuya. Fandishon pila ne mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2, nauyin da ke sauka a kai 600 kN (kilonewton, ma'aunin nauyi), kenan 150 kPa (kN a kan kowace murabba'in mita) a gindinsa. Sama marmara ce amma mita 2 ƙasa da gindin akwai laka mai laushi, ita nake so in san nauyi nawa ne ke isa gare ta saboda lissafin nutsewar gini.

Da na bi hanyar 2:1 (inda ake ƙara zurfin a kan faɗi da tsawon fandisho) wato 600 a raba da 16 (4 sau 4) sai na samu 37.5 kPa. Da na koma kan hanyar Boussinesq (ta lissafin yadda nauyi ke bazuwa a cikin ƙasa) na raba fandishon gida huɗu, m da n (faɗi da tsawon kowane gida a raba da zurfi) duk 0.5, jadawali ya ba ni 0.084, sau 4 sau 150 ya zama wajen 50 kPa a tsakiya. In kuma na ɗauki nauyin kamar a ɗigo ɗaya yake sauka har 71.6 nake samu, wannan kam ban yarda da shi ba tunda zurfin bai wuce faɗin fandishon ba.

To wanne ake ɗauka tsakanin 37.5 da 50? Na san 2:1 matsakaici take bayarwa amma tazarar tayi yawa ai, kuma shi Boussinesq ɗin ƙasa iri ɗaya ya ƙaddara, tawa kuwa hawa biyu ce. Sannan ramin mita 1.2 aka haƙa, sai na cire nauyin ƙasar da aka kwashe wajen 21.6 kPa kafin in fara, ko da 150 ɗin zan tafi?