Muhawara: Biyan kwatabak dala miliyan 50 a shekara yana kashe ƙungiya?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, San Francisco 49ers sun ba kwatabak ɗinsu (mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari) Brock Purdy kwantiragin shekara biyar a kan dala miliyan 265, wato miliyan 53 duk shekara. A ganina sun rufe wa kansu ƙofar Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, da hannunsu. Yaron nan shi ne na 262, na ƙarshe a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, kuma albashinsa bai kai miliyan ɗaya a shekara ba. Da rarar kuɗin suka riƙe su Nick Bosa da Trent Williams da Fred Warner har suka kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. Tun kafin ya sa hannu aka fara watsewa: Deebo Samuel ya tafi Washington, Dre Greenlaw da Talanoa Hufanga suka tafi Denver. Ni dai na ce duk ƙungiyar da ta biya kwatabak irin wannan kuɗi ta gama yawo. Mai ja ya fito.

Musa Maraɗi: Wa alaikumus salam. Ku yi mini haƙuri, ni sabon shiga ne a ƙwallon Amurka, ta Turai na fi sani. Me zai hana mai ƙungiyar ya zura hannu a aljihu ya riƙe kowa da kowa, yadda manyan ƙungiyoyin Ingila suke yi?

Malam Sani: Malam Musa, doka ce ta hana. Tun 1994 gasar NFL take da iyakar albashi, kuma duk ƙungiyoyi 32 iyaka ɗaya ce a kansu, mai kuɗi da marar kuɗi. Ta 2025 dala miliyan 279.2 ce, a cikinta za ka biya 'yan wasa 53. Duk dalar da ka ba kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, ka cire ta ne daga rabon wani. Har nan Nura yana da gaskiya. Inda na rabu da shi shi ne wannan "duk" ɗin. Kansas City sun ba Patrick Mahomes kwantiragin shekara goma na miliyan 450 a 2020. Bayan haka ya ci kofi a Fabrairun 2023, ya sake ci a Fabrairun 2024. A kakar 2022 shi kaɗai ya cinye kusan kashi 17 cikin ɗari na iyakar albashinsu. Sun sayar da Tyreek Hill ga Miami, suka karɓi kujerun zaɓe biyar, wato damar ɗaukar sababbin 'yan wasa biyar a zaɓe, suka cike gurbi da yara masu araha, kofi kuma ya zo.

Nura: Malam, Mahomes ai mutum ɗaya ne, ba a kafa doka da shi. Duba jerin waɗanda suka kai wasan ƙarshe suna kan kwantiraginsu na farko: Russell Wilson sau biyu, Jared Goff, Mahomes ɗin kansa a 2020, Joe Burrow a 2022, Jalen Hurts a 2023, Purdy a 2024. Ba dace ba ne. Yarjejeniyar 2011 ce ta ƙayyade albashin sababbi. A 2010 Sam Bradford bai buga wasa ko ɗaya ba aka ba shi tabbacin miliyan 50. Shekara ɗaya bayan haka Cam Newton, shi ma na ɗaya a zaɓe, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu gaba ɗaya. Daga nan hanya ta buɗe: ka samu yaro mai kyau da arha, ka zuba sauran kuɗin a kewayensa. Seattle ta lallasa Denver da ci 43 da 8 a 2014 da masu tsaron bayan da ta iya biya saboda Wilson ba ya cin komai. An biya shi a 2015, bai sake kai su wasan ƙarshe ba har ya bar su a 2022.

Hajiya Bilki: Ƙanina, ka ambaci Hurts amma ka tsaya a rabin labari. A 2023 yana da arha, kuma an cinye mu, wato ƙungiyata Philadelphia Eagles, a wasan ƙarshe. A Afrilun shekarar aka ba shi miliyan 255 na shekara biyar, sannan muka doke Kansas City 40 da 22 a Fabrairun 2025. Ina nan Philadelphia, ina bin ƙungiyar nan kowane mako. A wannan kakar da muka ci kofi akwai A.J. Brown da DeVonta Smith da Lane Johnson, duk masu manyan kwantiragi, ga kuma Saquon Barkley da aka ɗauko. Babu wanda aka kora saboda Hurts. Abin da ya ci daga iyakar albashi a 2024 bai kai miliyan 14 ba.

Musa Maraɗi: Hajiya, a nan kaina ya ɗaure. Mutumin da ake cewa yana karɓar miliyan 51 a shekara, ta yaya zai zama 14?

Malam Sani: Abin da ya shiga asusun ɗan wasa daban, abin da aka rubuta a littafin iyakar albashi daban. Bari in ba ka misali. A ce an ba ɗan wasa miliyan 50 kuɗin sa hannu. Yau zai karɓe su duka. Amma a littafi doka ta yarda a raba su a kan shekarun kwantiragin, har zuwa shekara biyar, sai a rubuta miliyan 10 duk shekara. Idan kwantiragin bai kai shekara biyar ba, sai a liƙa masa shekarun takarda a ƙarshe, waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don dai rabon ya yi faɗi. Howie Roseman, babban manajan Eagles, ya ƙware a wannan. Dalilin da ya sa yake yi masa aiki kuwa shi ne iyakar tana hawa: miliyan 208.2 a 2022, miliyan 279.2 a 2025. Bashin miliyan 20 da ka tura gaba da shekara uku ya fi sauƙin ɗauka a lokacin da iyakar ta ƙaru da miliyan 71. Sharaɗi biyu ne. Mai ƙungiya ya yarda ya fitar da tsabar kuɗi tun da wuri, ɗan wasan kuma ya ci gaba da taka leda yadda aka zata.

Nura: To ai bashi ne, Malam, kuma ranar biya tana nan tafe. A 2021 iyakar ba ta hau ba, saukowa ta yi daga 198.2 zuwa 182.5 saboda korona. New Orleans sun yi shekaru suna wannan ture-turen, kowace bazara sai sun sake juya kwantiragi kafin su samu wurin numfashi.

Abdul Columbus: Ku bar ni in yi magana, don ni Cleveland nake goyon baya kuma mu ne muka ɗanɗana. A Maris 2022 aka ɗauko Deshaun Watson daga Houston. Kujerun zagaye na farko uku aka bayar, aka ɗora da miliyan 230 na shekara biyar, kowace dala da tabbaci. Ko ya buga ko bai buga ba, sai an biya. A lokacin ma mata sama da ashirin sun shigar da ƙara a kansa, kuma an dakatar da shi wasa 11 a kakarsa ta farko. Cikin kaka uku wasa 19 ya buga. A Oktoban 2024, a wasa da Cincinnati, ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, agararsa ta tsinke. Wasu 'yan kallo a filinmu suka yi sowa. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don ba a murna da ciwon mutum, amma ya nuna inda zukata suka kai. Muka ƙare kakar da nasara uku. Baker Mayfield da muka rabu da shi don a kawo Watson yana Tampa Bay, ya ci rukuninsu a 2023 da 2024. Shi kansa mai ƙungiyar, Jimmy Haslam, ya fito a Maris 2025 ya amsa cewa cinikin bai yi ba.

Nura: Ka gani ko, Yaya Abdul? Hujjata ce ka kawo.

Abdul Columbus: A'a, ba hujjarka ba ce. Ba yawan kuɗin ne ya kashe mu ba. Miliyan 46 a shekara yanzu ma ba ya cikin na sahun gaba. Tabbacin ne da kuma kujerun zaɓen. Ƙungiyar da ta biya kwatabak da tsada tana rayuwa ne da yara masu arha daga zaɓe, mu kuma mun ba da kujerun da za mu samo su. Sannan ba ƙofar fita. Denver ta ba Wilson ƙarin kwantiragi na miliyan 245, da ta ga bai yi ba ta sallame shi a Maris 2024, ta haɗiye miliyan 85 na mataccen kuɗi, wato abin da ya rage a littafin iyakar albashi bayan ɗan wasa ya tafi, a cikin shekara biyu, ta zaɓi Bo Nix, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale a wannan shekarar. Mu ko wannan ba mu iya ba, saboda duk shekara ana juya albashinsa zuwa kuɗin sa hannu, tulin yana ƙara girma a gaba.

Malam Sani: Akwai wani ciwon da ya fi na Cleveland yawa a gasar, shi ne biyan matsakaici farashin gwani. Kasuwar kwatabak ba ta da tsaka-tsaki. Duk wanda lokacinsa ya zo sai ya nemi kusa da na wanda ya riga shi. New York Giants sun ba Daniel Jones miliyan 160 na shekara huɗu a Maris 2023 bayan kaka ɗaya mai kyau. Shekara ɗaya bayan haka suka bar Barkley ya tafi Philadelphia a kan abin da bai kai miliyan 38 na shekara uku ba. Barkley ya yi gudun yadi 2,005, ya ɗaga kofi. Jones kuwa an sallame shi a Nuwamban 2024. Wannan shi ya kamata a auna Purdy da shi, Nura: da aka rage masa mataimaka, zai iya ɗaukar ƙungiyar shi kaɗai ko ba zai iya ba?

Hajiya Bilki: Kuma in har ka yanke cewa naka ne, biya da wuri. Ku dubi 2023 kaɗai. Hurts ya sa hannu a Afrilu a kan miliyan 51 a shekara, kwanaki kaɗan Lamar Jackson ya karɓi 52, a Yuli Justin Herbert 52.5, a Satumba Burrow 55. Dallas sun yi ta jan ƙafa da Dak Prescott, suka ɗaure shi da kwantiragin dole na shekara ɗaya a 2020, a 2021 suka sa hannu a kan sharaɗin ba za su sake ɗaure shi ba. Da 2024 ta zo ba su da abin riƙewa, sai da suka biya 60.

Nura: Anti Bilki, na ji na Dallas. Amma ki duba Burrow da kika ambata. Babu mai cewa matsakaici ne. A 2024 shi ya fi kowa yadin jifa a gasar, ya fi kowa jefa ƙwallon da aka ci maki da ita, sau 43, amma Cincinnati ba ta ko shiga sili-ɗaya-ƙwale ba, saboda masu tsaron bayanta ba sa tare kowa. A Maris 2025 suka ƙara ba masu cafe masa ƙwallo, Ja'Marr Chase miliyan 161, Tee Higgins 115. Mutum uku ke nan a ɓangare ɗaya na fili. Malam Sani, kai ne mai lissafi, ka nuna mini da wane kuɗi za su gyara bayan.