Mesata ta ƙi cin abinci sati uku, masu kiwo ku taimaka min dan Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Dan Allah kar wanda ya min dariya, shawara nake nema. Yau sati uku kenan da na sayi 'yar ƙaramar mesa wajen wani mutumi da yake kawo tsuntsaye da kunkuru daga Kwatano, irin wadda in ta tsorata take dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, Turawa na ce mata bol faiton. Tsawonta kamar kamu ɗaya da rabi, na ɗora ta a sikelin kicin ta yi giram 210. Toh tunda na kawo ta ko loma bata ci ba, na bata ƙwai, na bata madara, na bata tsokar kaza ko kallo basu ishe ta ba, shekaranjiya na kama ɓera a sito na jefa mata na bar su suka kwana, da safe na tarar ɓeran yana zaune a kanta abinsa har ya ɗan ji mata ciwo a baya. Tana cikin akwatin gilashi na kifi a falo kusa da talabijin, na zuba mata yashi, kullum da yamma ina ɗaukarta dan ta saba da ni. Yanzu kuma idonta ya yi fari fat kamar mai yanar ido, jikinta ya dushe. Makancewa take ko mutuwa zata yi? A Kaduna nake.

Mai Tantabara:
Hhhh malam gardi zaka zama ne? Duk tantabarun duniya da zomaye basu ishe ka ba sai mesa. Allah ya bada sa'a, ni dai na san gidan da bazan kai ziyara ba.

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka, ba makancewa take ba saɓa zata yi. Idon zai yi kwana uku ko huɗu a haka sai ya washe, bayan 'yan kwanaki kuma ta tuɓe tsohuwar fata, kuma a wannan halin ko lafiyayya bata cika cin abinci ba. Ni a Kumasi nake, na fi shekara bakwai ina riƙe da su, kuma gaskiya zan gaya maka ba abinci ne matsalarka ba, gidan ne da kuma hannunka. Wannan dabbar a daji cikin ramin ɓera da suri take wuni, wuri mai duhu mai ɗumi mai danshi, sai dare take fitowa, kai kuma ka ajiye ta a gilashi ta ko'ina ana ganinta ga hasken talabijin ga hayaniya ga kai kullum kana jagwalgwala ta, ai a ganinta kullum shaho ne yake sure ta, wa zai ci abinci a haka?

Ka maida ta ɗaki mai shiru, ka rufe ɓangare uku na gilashin da kwali. Ka samo ƙaramin kasko guda biyu ka fasa musu ƙofa a gefe ka kife, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma su zama matsattsu yadda in ta shiga jikinta zai taɓa ko'ina, basa son ɗaki mai faɗi. Yashin nan ka kwashe shi yau ɗin nan, yana shanye danshi kuma zai shiga ciwon. Shimfiɗa mata jarida ko farar takarda har ciwon ya warke, daga baya ka koma ɓawon kwakwa. Ka sa kwanon ruwa mai nauyi wanda zata iya shiga ciki. Daga nan ka cire hannunka, sati biyu cur kar ka ɗauke ta, canjin ruwa kawai. Ƙwai da madara kuma ka bar wa kanka, maciji baya shan nono, wannan zancen tatsuniya ne.

Maman Biyu:
Ni tambayata ɗaya ce, ka tabbata abin da aka sayar maka kenan? Kar fa a baka ɗan kasa ko kububuwa ka rungume, ka je asibitin Kaltungo ka ga yadda saran maciji yake maida mutum. Kuma akwai yara a gidan?

Mai tambaya:
Hajiya na gode, ita ce wlh, ga hoton nan na tura. Ni kaɗai ne a sashena, sai dai 'ya'yan yayana suna shigowa.

Ɗan Zango:
Na ga hoton Hajiya, ita ce, bata da dafi. Amma tambayarki a kan hanya take, dan ko ba mai dafi ba akwai masu sayar da jaririn babbar mesa da sunan wannan, waccan tana wuce mita huɗu kuma ga faɗa, wannan kuwa da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, mace ta fi namiji girma. Murfin dai ya sa masa sakata, sun iya tura murfi fiye da yadda kake zato, in ta fita ta shiga gidan maƙwabta kasan ba tambaya zasu tsaya yi ba.

Likitar Dabbobi:
Malam abin da ya fi tayar min da hankali a bayaninka ɓeran sito ne. Kar ka ƙara. Na farko baka san ko ya ci maganin ɓera a wani gida ba, in ya ci ita ma ta ci. Na biyu tsutsar ciki. Na uku kuma kai kanka, ɓeran gida mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, kuma yanzu rani ne lokacin da cutar ta fi tashi, kai kana kama shi da hannu kana kaiwa falo. Abin haushin shine a daji irin wannan ɓeran ne abincinta, shi yasa wadda aka kamo daga daji take raina farin ɓera da farko, amma duk da haka na kiwo zaka nema, akwai masu kiwon farin ɓera da ɗaliban jami'a ke saya dan bincike, ka tambaya wajen Zariya ko Vom.

Ciwon kuma ka wanke da aidin da aka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, sau ɗaya a rana, kar ka sa mata Dettol ko man zafi. Ka duba ƙarƙashin ɓawon jikinta da kusa da dubura ko akwai kaska, na daji da wuya a rasa. In ka ji tana numfashi da ƙara kamar fito, ko tana buɗe baki, ko majina da kumfa a baki, ko ciwon ya fara ruwa, wannan ba na gida bane ka kai ta asibitin dabbobi, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya. Sannan duk sanda ka taɓa ta ko akwatinta ka wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kallo kawai. Sikelin kicin ɗin ma ya zama nata, kar ya koma auna fulawa.

Ɗalibi a Ingila:
Bari in ƙara da lissafi dan mu nan da ma'auni muke komai. Akwatin ya zama gefe ɗaya da ɗumi ɗaya da sanyi, ɓangaren ɗumi digiri 31 zuwa 32, ɓangaren sanyi 25 zuwa 27, danshi kashi 60 cikin 100, lokacin saɓa ya kai 70. Abinci kuma kaurin ɓeran kar ya wuce inda ta fi kauri a jikinta, mai giram 210 a bata na giram 20 zuwa 30 duk sati, in ta girma duk sati biyu ko fiye. Mu daskararre muke saya mu ajiye a firiza, a narkar da shi a ɗumama a ruwan ɗumi, a riƙe da dogon hantsaki ana ɗan kaɗawa, ƴan ramukan da ke leɓenta zafi suke ji, in ɓeran da sanyi bata ma san abinci bane. In ta ci kar ka taɓa ta kwana biyu, in ba haka ba ta amayar, in kuma ta amayar sai ka jira sati biyu kafin ka sake bata. Ka sayi tabarmar ɗumi ta lantarki da na'urar daidaita zafi.

Mai Tantabara:
Ɗan Ingila firiza da wace wutar? Ɓeran zai narke ya daskare sau goma kafin sati.

Ɗan Zango:
Gaskiyar Mai Tantabara, abin da ya narke ya sake daskarewa kar a bata. Ka ajiye 'yan ɓerayenka na kiwo a keji, ka kashe ɗaya nan take ka miƙa mata da ɗuminsa bayan isha'i fitila a kashe. In dole sai mai rai toh ka tsaya a kansu, minti goma sha biyar bata kama ba ka cire. Lissafin ɗan Ingila daidai ne amma shi sanyi yake yaƙi da shi shekara duka, kai naka kala biyu ne. Yanzu hunturu iska ta bushe ƙarau dare kuma da sanyi, sai ka rufe rabin ragar murfin, ka jiƙa tsumma ka sa cikin kasko ɗaya, da dare ka naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ka jingina ta waje. In Maris da Afrilu suka zo kuma zafi ne zai kashe maka ita, ɗaki mai rufin kwano yana wuce 35 ba wasa, lokacin sai ka sauke akwatin ƙasa kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi, ba tsada. Kuma sati uku ba komai bane, manyan mazansu suna yin wata uku huɗu basu ci ba a irin wannan lokacin, taka dai ƙarama ce, sai ka dinga aunawa duk sati biyu, in ta zube da kamar giram 20 ka koma wajen likita.

Baban Masallaci:
Ɗana ni ban san kiwon maciji ba, hukuncin ajiye shi ma ka tambayi malamai dan akwai magana a kai. Amma ka tuna hadisin matar da ta kulle kyanwa bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ba. Naji ance wannan tana shekara 20 zuwa 30, toh aure da tafiya da canjin gida duk suna gabanka, ka yi tunani tun yanzu.

Mai tambaya:
Salam, na dawo da labari bayan kwana 16. Na yi yadda yaya Ɗan Zango ya ce, ranar da na kife kaskon ta shige bata fito ba sai da ta yi saɓa, saɓar gutsi-gutsi ta fita amma ta ido da ta bindi duk sun fita, ciwon ya bushe, na cire kaska biyu likita. Ranar Juma'a na bata farin ɓera ta ƙi, na haƙura ban takura mata ba, jiya da dare na sake gwadawa a duhu, wlh ban ma ga sanda ta cafke ba sai hantsakin naji ya girgiza. Baba na ji maganarka kuma zan tambaya. Yanzu matsalar da ta rage ɓerayen, na sayo shida ɗaya ta haihu jiya 'ya'ya tara, matar yayana kuma ta ce ko su ko ni a gidan nan. Akwai wanda ya san yadda ake rage warinsu?