Allurar zafi tana hawa a tsohuwar motata Hiace, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu gyara. Motar Toyota Hiace ce tsohuwar yayi mai injin fetur 2RZ, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. Yayan matata ne ya ba ni ita a kan in riƙa biyansa duk wata, bayan ciwon baya ya raba shi da tuƙi, kuma sai da aka yi zaman iyali kafin ya amince, domin akwai ƙaninsa da shi ma ya sa rai a kanta. Saboda haka idan injin nan ya ƙone, ban san da wane ido zan kalli surukaina ba. Ina kai kayan gwari daga Jos zuwa Abuja, in dawo da kayan shago. Tun shigowar bazara allurar zafi ta fara wuce tsakiya, kuma idan na kama Hawan Kibo a dawowa tana matsawa har dab da ja, sai in faka in jira ta huce. Makanikina ya cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya kuma wanke lagireto, amma abin bai daina ba. Don Allah me ya kamata in yi?

Direban hanyar Bauchi: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗa mana ko ruwan lagireton yana raguwa ba, kuma ba ka ce ko tana yin haka a cikin go-sulo ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin zafin da ke zuwa a tsaye yawanci daga fanka yake, wanda ke zuwa a gudu ko a hawa da kaya kuwa yakan nuna cewa ruwa ba ya ratsa lagireto yadda ya kamata.

Tsohon bakanike: Ɗana, kada ka wahalar da kanka, gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne ya ƙone. Motocin nan a hannuna suka tsufa, kuma duk wadda aka cire wa tamostat aka wanke mata lagireto ba ta daina zafi ba, to gasket ne. Ka sa a sauke kan injin a kai shi wurin masu gogewa a daidaita shi, a sa sabon gasket mai kyau, magana ta ƙare.

Mai tambaya: Na gode Baba. Ruwa dai ina ƙarawa da safe kamar yadda kowane direba yake yi. Amma motar ba ta hayaƙi, kuma ƙarfinta yana nan. Abin da na lura shi ne idan na kunna fitilu da daddare allurar takan ƙara matsawa sama nan take.

Mai wayarin: Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ya kamata a tsaya a kanta. Ruwa ba ya ƙara zafi nan take don an kunna fitila, amma geji yana yin ƙarya idan wayar at da ke tsakanin inji da jikin mota ta yi tsatsa ko ta saki. Kafin a kwance komai, a goge wannan wayar a ɗaure ta, a duba sansar zafi, sannan a nemi na'urar auna zafi ta hannu a haska ta a bakin tiyon sama lokacin da allurar ta hau. Idan na'urar ta nuna wajen digiri 85 zuwa 90, injinka lafiya yake, gejin ne ke tsorata ka.

Tsohon bakanike: Masu wayarin komai a wurinsu waya ce. Gejin da ke ƙarya ya san Hawan Kibo ne, da ba zai hau ba sai an zo wurin? Ɗana, ka ji abin da na faɗa maka.

Mai wayarin: Baba, ina girmama ka, kuma yana yiwuwa matsalolin biyu ne a haɗe. Amma gwajin gasket ba ya cin ko sisi: da safe injin yana da sanyi a buɗe murfin lagireto a tayar da mota, idan kumfa tana ta tasowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya yi tauri cikin ɗan lokaci, ko man inji ya koma fari kamar an dama shi da madara, sai a yarda da maganarka. Kada dai a kuskura a buɗe murfin injin yana da zafi, domin ruwan yana ƙona fuska da hannu.

Mai bas ɗin makaranta: Ni haka aka yi mini bara. Wani bakanike ya rantse gasket ne, aka sauke kan inji, motar ta kwana makonni a gareji, iyayen yara suka koma wa wani direba, kuma ranar da na karɓo ta zafin yana nan. Ashe murfin lagireto ne robarsa ta mutu, ba ya riƙe matsin da aka rubuta a kansa, wato 0.9, alhali wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Har yau ban gama biyan bashin gyaran ba, mutumin kuma ko haƙuri bai ba ni ba.

Direban hanyar Bauchi: Malam, ƙarin ruwa kowace safiya ba al'ada ba ce, alama ce ta yoyo, don haka ka duba ƙarƙashin famfon ruwa da bakin tiyoyi ko akwai farin tabo. Ka mayar da tamostat ɗinka kuma. Irin na Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma a injuna da yawa shi ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa don ya tilasta masa bi ta lagireto. Wane irin ruwa kake zubawa, kuma da aka ce an wanke lagireton, an buɗe tankinsa an zurara ramukan ɗaya bayan ɗaya ne ko tiyo kawai aka sa?

Mai tambaya: Ruwan rijiyar gidanmu nake zubawa, kuma da shi mai motar ya yi aiki shekaru ba abin da ya same ta, ga shi kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ya yi tsada. Maganar tamostat kuwa, a tasharmu babu wanda ya bar shi a motarsa, domin suna cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Makanikin nan shi ne ke gyara motar tun tana hannun yayan matata, ba zan iya kai ta wani wuri ba tare da an ji haushina ba.

Tsohon bakanike: A ganina cire tamostat daidai ne, makanikinka ya san aiki. Abin da ya rage masa kawai ya sauke kan injin.

Direban hanyar Bauchi: Ruwan rijiya shi ne ke tara tsatsa da farar ƙasa a ramukan lagireto, Baba ma ya san haka. Ka gwada juya fanka da hannu bayan ka kashe injin yana da zafi. Idan ta yi ta juyawa sakwaf ba turjiya, kulocinta ya mutu.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Gobe ina da lodin tumatir da na riga na karɓi kuɗinsa, don haka zan cika jarka biyu da ruwa in tafi da asuba kafin rana ta yi. Akwai wanda ya san nawa ake sauke kan inji yanzu a Jos?