Wace kalma za mu kira “loop” a ƙwallon tebur?

Mai Hagu: Jama'a, ina neman kalmar Hausa ta “loop”, wato bugun kai hari da ke sa ƙwallo ta tafi tana juyi gaba. Na ga an rubuta “madauki”, amma babu igiya a maganar nan. Ko “bugun baka” zai yi, tunda ƙwallon na lanƙwasawa a iska?

Koci: Malam, baka ta kwatanta tafiyar ƙwallon kaɗai, kuma wadda aka cilla sama don kare kai ma tana lanƙwasawa. A duba abin da hannu ke yi. Ba dukan ƙwallon ake ba, gogar bayanta ake da robar da ke jikin bat (abin buga ƙwallon), sama-sama. In abokin wasa ya saro ta da juyin baya, sai ka durƙusa kaɗan, nauyinka a ƙafar dama in da hannun dama kake wasa, bat ya sauka wajen gwiwa, ka juyo da ƙugu ka ja sama. In da juyin gaba ta zo, ka kifa bat ka ja gaba, in ba haka ba ta wuce tebur. Mai bugu da hannu zalla, ƙugu a sandare, ragar nan mai santimita 15.25 ce za ta riƙa cinye masa ƙwallo. Ni “murza” nake so.

Ɗan Tebur: Lauje fa?

Koci: Lauje yanka yake yi, ya fi kusa da sara.

Hajiya Alƙaliya: Murza ta zauna, don tana shiga jimla: ya murzo ta, murzar dama, murzar hagu. Mai son ganin murzar dama ya kalli ɗan wasan Najeriya Aruna Quadri a gasar Olympics ta Rio 2016. Sai dai kaya na da hannu a ciki. Roba mai ƙuraje a waje ba ta kama ƙwallo sosai, mai sumul ake so. Ɗan koyo ya nemi bat na katako zalla mai falle biyar, da soson ƙarƙashin roba mai kaurin milimita 1.8 zuwa 2.0. Bat mai kabon a cikin katakonsa da robar Tenergy 05 kan tunkuɗe ƙwallon tun bai koyi goga ta ba, sai ya koma fyaɗa. Robar Hurricane 3 tana da danƙo, amma sosonta tauri ne da shi, sai mai ƙarfin ƙugu.

Mai Hagu: To mai saurin nan da ake yi kusa da tebur?

Hajiya Alƙaliya: Murzar gaba. Mai tashi sama a hankali kuwa murzar sama.

Mai Hagu: Na karɓa, Hajiya. Saura “block”, wato tare ƙwallon da aka kawo hari da ita.