Tambaya: yaya ake auna yiwuwar firoton ya fasa cibiyar atam ɗin ƙarfe?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin fiziks ne, abin da na sani bai wuce aikin riyakta ta CERT, cibiyar binciken makamashi da ke Zariya, ba: a saka samfuri, niyutiron su dake shi, a kai shi na'urar jamaniyam a karanta hasken gamma. To a wurare irin J-PARC, cibiyar bincike ta Japan, inda ake harba firoton mai ƙarfin GeV 3 (GeV ma'aunin ƙarfi ne) kan zaiba, yaya suke gane cewa cikin firoton kaza, kaza ne za su fasa cibiyar atam? Malamai a taimaka.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka riga ka san rabin aikin. Ana yanka ƙarfen siriri kamar takarda, a ajiye a hanyar firoton na ɗan lokaci, a ciro, a kai wa irin na'urar da ka sani. Cikin sabbin atam da fashewar ta haifar, masu fitar da gamma kowane iri yana da nasa, da shi ake ƙirga su. Sai a raba da yawan atam ɗin ƙarfen a kowane murabba'in santimita, a kuma raba da yawan firoton da suka ratsa. Sakamakon faɗi ne, ana rubuta shi da barn, wato 10⁻²⁴ na murabba'in santimita.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙirga firoton ɗin. Kamar jifan mangwaro ne da dare, waɗanda suka faɗo kana iya tsincewa, amma duwatsu nawa ka wurga? Shi ya sa ake manna fallen alminiyam a jikin samfurin. Firoton na mai da wani ɓangarensa sodiyam-24, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kusan awa 15, yana fitar da gamma mai ƙarfin keV 1369. Tunda an san barn ɗin wannan sauyin tun tuni, daga yawan sodiyam-24 ɗin ake lissafo firoton. Falle uku ake jerawa, na tsakiya kawai ake aunawa, don atam ɗin da dukan ya fizgo daga cikinsa na fallen da firoton ya fara ratsawa ne ke maye masa gurbinsu.

Hajiyar Lab: Malam, a ƙara masa da cewa sodiyam-24 na da yaudara. In samfurin ya yi kauri, niyutiron da ke tarwatsowa daga cikinsa su ma suna haifar da shi a alminiyam, sai lissafin firoton ya kumbura. Ni na fi yarda da sodiyam-22, sai dai rabinsa shekara 2.6 yake ɗauka, aunawa sai haƙuri.

Ɗan Samaru: Na gode ƙwarai. To me ya sa ba za a bar wa kwamfuta ba?

Malam Injiniya: Ana yi, da manhajojin lissafi irin su PHITS da FLUKA. Amma sukan yi saɓani da awo, musamman kan ƙananan gutsattsari irin beriliyam-7. Wanda kuma zai canza ƙarfen da ake harba wa firoton a cibiyoyin samar da niyutiron, kamar tongistin ɗin cibiyar ISIS a Ingila ko dalmar SINQ a Suwizalan, dole ya san abin da ya taru a ciki kafin a kusance shi.