Neman kalmar Hausa: mi za mu ce ma "part de voix"?

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu aikin rediyo da masu fassara talla nan Tawa da Yamai. Akwai wata kalma ta 'yan kasuwar zamani da nike son mu yanke mata suna mu huta, don kullum in anka zo wurinta sai ka ji mutum ya tsallaka Faransanci ya ce part de voix, masu Ingilishi su ce share of voice, alhaji mai kuɗin tallar kuma shina zaune shina kallonku bai san mi za ya biya ba.

Bari in fara da abin da take nufi, don wasu sun ɗauka suna ne kawai. Lissafi ne. A ce misali kamfanonin kar huɗu suna talla a gidan rediyo guda, a wata an sa talla 200 gaba ɗaya, naka 50 ne ciki, to kai kana da kashi 25 cikin ɗari. Da can da kuɗin talla ake auna shi, naka nawa cikin na duk abokan gogayyarka. Yanzu da Facebook da TikTok sunka zo har ƙirga ake sau nawa mutane sunka kira sunanka cikin duk hirar da anka yi kan irin hajarka. Ke nan dole kalmar da za mu zaɓa ta yarda a sa mata lamba a gaba, in ba ta ɗaukar "kashi kaza cikin ɗari" ba ta yi ba.

Kuma tana da 'yar uwa da ake haɗa su kullum, part de marché, wadda kowa ya riga ya yarda da kason kasuwa. Waccan ciniki take aunawa, wagga kuma kunne da bakin jama'a. A 1990 wani malami John Philip Jones ya yi rubutu a mujallar Harvard Business Review inda ya nuna ƙananan kamfanoni sai sun yi tallar da ta wuce girman cinikinsu kafin su riƙe wurinsu, manya kuwa ko sun ɗan rage ba su faɗuwa nan take. Mu ma mun san haka ba sai da littafi ba, je butik ki ce a ba ki omo, ko wane garin sabulu anka miƙo miki omo ne, haka magi, ko wane kamfani ya yi ɗunkulen. Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, amma har yanzu akwai tsofaffin da in sunka ba ka lamba sai su ce ta Celtel ce, haka Orange da anka saida a 2019 ta zama Zamani, bakin mutane ya daɗe bai saki tsohon sunan ba.

To ga abin da ya shigo tun da na fara tambaya.

Na farko kason murya, kusan kowa shi ya fara kawowa tunda shi ne kalma da kalma. Ni dai bai kwanta mini ba. Murya a wurinmu ta mutum ce, ta mawaƙi ko ta mai karanta labarai, in ka ce ma ɗan kasuwa kason muryarka ya ragu cewa za ya yi mura ce. Kuma allon talla da ke bakin hanya ko suna a rigar ɗan kokowa lokacin takobi ba su da murya, alhali duk suna cikin lissafin, wanda ya taɓa kallon takobi a Télé Sahel ya san filin nan ba inda ido za ya sauka ba sunan kamfani.

Wata hajiya mai saida atamfa ta rubuto ta ce yaro mi ya kai ku wahala, ba farin jini ba ne? Hajiya Allah shi ƙara girma, farin jini kalma ce mai daɗi amma so take nufi, shi kuwa wanga lissafi bai damu ko sonka ake ba. Ranar da rezo ya ɗauke ma wani kamfani tun safe har la'asar, duk garin shi ake zagi, a awon nan ranar shi ne a sama. Wa za ya kira wannan farin jini? Shahara da suna su ma haka, sun fi dacewa da notoriété, wato mutum nawa sunka san ka, ba ruwansu da na kusa da kai. Tashe da yayi na kwana kaɗan ne.

Wanda ya ba ni dariya kason hankali, da wani malam ya kawo. Malam na gane nufinka, ka bi ta mindshare ne, wato sunan da ke fara faɗo ma mutum a rai in anka ce mishi kira kamfanin aika kuɗi guda, amma ka gwada ce ma alhaji kason hankalinka kashi 10 ne ka gani in za ka fita shagon lafiya. Rabon hankali ya fi muni, raba hankali ai rikita mutum ne, rabo kuma sai a ji kamar abin da Allah ya tsaga ma. Kason zance ya kusa, saura kaɗan, sai dai samari sun riga sun kama kalmar zance sun kai ta ƙofar gida bayan isha'i.

Inda na tsaya shi ne kason ambato. Ambato kiran suna ne, ko a baki ko a rubuce, ko kai ka biya anka kira ka ko mutane sunka kira ka don kansu, ko da alheri ko da tsiya, kuma abu ne da ake iya ƙirgawa. Ya kuma zauna daidai gefen kason kasuwa, in ka faɗe su tare kunne na jin 'yan gida ɗaya ne.

Ƙorafi biyu anka yi kuma duk suna da hujja. Wani dattijo ya ce ambato na Allah ne da Manzonsa, kar a kai shi kasuwa. Baba gaskiyarka a wurin zikiri, amma a labaran rediyo kullum muna jin an ambato minista ya ce kaza, ba wanda ya ga laifi. Na biyu namu ne na Nijar, kaso a bakinmu gidan kaso ne, cachot ɗin Faransawa da munka gada. Wannan kam na daɗe ina juya shi. Sai dai madadinsa kashi ne, kuma kun san abin da kashin ambato za ya zama in an rubuta shi, ba sai na faɗi ba. Tunda kason kasuwa ya wuce ba wanda anka kulle, wanga ma za ya wuce.

Ga yadda za ya shiga magana: alhaji kason kasuwarka kashi 30 ne amma kason ambatonka 12, sabon yaron can da ya buɗe bara ya fi ka shiga bakin mutane. Ko a ce tallar azumi ta ɗaga muna kason ambato amma ciniki bai motsa ba tukuna.

Masu shirin kasuwanci a rediyo don Allah ku gwada shi a iska satin nan, ku saurari masu bugo waya in sun maimaita shi da kansu. Ita mindshare ɗin na bar ta buɗe, wani ya kawo gurbi a rai, ina jiran mutanen Maradi da Damagaram su ce wani abu a kai.